DAGA 'YAN DABO ZUWA DANDALIN SESAME: TARIHIN 'YAN TSANAN DA SUKA SHIGA TARBIYYAR YARANMU

Daga Sakataren Ƙungiya



Waɗanda suka halarci zamanmu na ƙarshen watan jiya za su tuna 'yar muhawarar da ta tashi bayan an gama maganar kuɗin wata. Wata baiwar Allah daga cikin iyayenmu mata ta kawo kukan cewa jikanta ɗan shekara huɗu ya haddace waƙoƙin Turanci na cikin waya tas, amma idan ka ce ya ƙirga maka daga ɗaya zuwa goma da Hausa ko da Fillanci sai ya tsaya yana kallonka. Wani dattijo kuma ya ce ai laifin 'yan tsanan nan ne masu magana a talabijin, abin Turawa ne, ba mu gada ba. Na yi alkawari a ranar cewa zan bi diddigin maganar in rubuto, domin a ganina Baba ya yi gaskiya ta wani gefe, ta wani gefen kuma tarihi bai goyi bayansa ba.

Mu fara da batun gado. Tun kafin a san wani abu wai shi talabijin, ƙasar Hausa da ta Barno suna da masu wasa da 'yan tsana. Hausawa na ce wa wasan dabo-dabo, a Nijar kuma ana kiran su 'yan tsanan ɗiyan dabo, Barebari kuwa dogodogo suke cewa. Yadda ake yi shi ne mai wasan ya kafa sanda a ƙasa, ya lulluɓa mata babbar riga ta zama kamar 'yar rumfa, shi kuma ya shige ciki ya ɓuya. Sai ka ga wasu 'yan mutane na tsumma da itace sun leƙo ta sama, suna gaisawa, suna faɗa, suna rawa. Mai wasan yana saka wani ɗan abu a bakinsa wanda ke sa muryarsa ta koma siririya kamar ta tsuntsu, a waje kuma ga makaɗa da wani mai fassara wa jama'a abin da 'yan tsanan ke cewa. Wani Bature mai suna R. E. Ellison ya kalli irin wannan wasa a ƙasar Barno, ya rubuta bayaninsa a mujallar Nigerian Field a 1935. Ke nan shekara 90 da suka wuce abin ya riga ya zama sana'ar da baƙo zai tsaya ya rubuta.

Mu nan Taraba ma ba sai mun je Barno ba. Tibabe, waɗanda muke zaune da su a Wukari da Takum da Donga da Bali da Gassol, suna da Kwagh-hir, wasan dare da ake haɗa labari da waƙa da dodanni da sassaƙaƙƙun mutum-mutumi masu motsi. Ana kawo wani babban akwati cikin fili, a samansa ga 'yan mutane na itace suna daka, suna noma, suna tuƙa mota, alhali masu motsa su suna ɓoye a ciki, ga mai riƙe da wutar ciyawa yana haskawa. Wasan ya bunƙasa ne daga shekarun 1960, Farfesa Iyorwuese Hagher ya yi rubutu mai yawa a kansa, kuma a watan Disamba na 2019 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duk wanda ya taɓa ganin yadda waɗannan masassaƙa ke sa itace ya ɗaga hannu ya juya kai, ba zai ce sai Bature ne ya iya haɗa 'yar tsana ba.

Inda Baba ya yi gaskiya shi ne, waɗannan wasanni ba don ƙananan yara aka yi su ba. Dabo-dabo wasan kasuwa ne da dandali, cike yake da habaici da zambo, wani lokaci har da batsa, ana tona asirin ɓarawo da mai haɗama da mai bin matan mutane. Yara na kutsawa su kalla, amma ba su ake nufi ba. Abin da yaro ɗan shekara uku zuwa shida ya gada a gidajenmu shi ne tatsuniyar kaka da dare, labarin Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da 'yar tsanar kara ko ta ƙashi wadda yarinya ke goyawa, ta yi mata kitso, har a yi mata biki. Ga kuma tashe a watan azumi. Saboda haka muna da 'yar tsana mai magana, muna da hanyar koyar da yaro, amma ba mu taɓa haɗa biyun wuri ɗaya ba. Wasu ne suka haɗa, suka kawo mana ta cikin akwatin talabijin.

Talabijin ya shigo Najeriya a 1959, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV a Ibadan. Arewa ta samu nata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. A Arewa abin da ya ja hankalin jama'a shi ne wasan kwaikwayo na manya, irin su Samanja na Usman Baba Pategi, da wasannin Kasimu Yero, da Karkuzu daga Jos. Shirin yara mafi shahara da NTA ta yi da kanta shi ne Tales by Moonlight, wanda Victoria Ezeokoli ta ƙirƙiro a 1984, inda ake tara yara a gindin bishiya wata anti tana ba su tatsuniya. Shiri ne mai kyau, amma da Turanci ake yin sa, kuma ya fi dacewa da yaran da suka riga suka shiga firamare.

Jalingo a wancan lokaci hedikwatar ƙaramar hukuma ce a tsohuwar Jihar Gongola, ba mu zama babban birnin jiha ba sai ranar 27 ga Agusta 1991 da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Taraba. Gidajen da ke da talabijin a unguwarmu ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Ni dai farkon ganina da 'yar tsana mai magana a gidan kawuna ne a Jimeta, da aka kai mu hutu. Akwatin baƙi da fari ne mai ƙofar katako. Na ga wani ƙaton tsuntsu da ya fi mutane tsawo yana tafiya a kan titi yana hira da yara, ga wani kuma mai gashi buzu-buzu yana zaune cikin garwar shara yana ta masifa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ban motsa ba har aka ɗauke wuta. Sai da na girma na san sunan shirin Sesame Street, kuma ashe tsuntsun nan ruwan ɗorawa ne.

Tarihin wannan shiri ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan darasin yake. A 1966 a birnin New York na Amurka, wata mai shirya shirye-shiryen talabijin, Joan Ganz Cooney, da wani masanin halayyar ɗan adam, Lloyd Morrisett, suka lura cewa ƙananan yara na haddace waƙoƙin tallace-tallace ba tare da kowa ya koya musu ba. Suka ce to, idan talabijin zai iya cusa wa yaro tallar kayan sayarwa, me zai hana ya cusa masa baƙaƙe da lambobi? Waɗanda suka fi damuwa da su su ne 'ya'yan talakawa, musamman baƙaƙen fata na unguwannin marasa galihu, waɗanda ke shiga aji ɗaya a bayan 'ya'yan masu hali. Suka tara kimanin dala miliyan 8 daga gwamnatin Amurka da gidauniyoyin Carnegie da Ford, suka ɗauko wani gwanin 'yan tsana mai suna Jim Henson, aka fara nuna shirin ranar 10 ga Nuwamba 1969.

Abin da ya bambanta su da masu wasan da suka gabace su shi ne ba su yarda da zato ba. Sun zaunar da malaman tarbiyya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gerald Lesser na Jami'ar Harvard, aka rubuta manhaja kamar ta makaranta: wane baƙi za a koya, wace lamba, wace ɗabi'a. Sannan kafin a nuna wa duniya kowane kashi, sai a gwada shi a kan yara. Wani mai bincike, Edward Palmer, yakan ajiye wani allo a gefen talabijin yana sauya hotuna bayan 'yan daƙiƙu, yana lura da lokacin da idon yaro ya bar shirin ya koma kan hotunan. Duk wurin da yara suka kau da kai, an san wurin bai yi ba, sai a sake. Ta haka ne ma suka gano kuskurensu na farko. Masana sun ba su shawarar kada a haɗa 'yan tsana da mutane a fage ɗaya don kada a rikita yara, amma da aka gwada sai aka ga da zarar mutane zalla sun fito yara sun watse. Shi ya sa aka ƙirƙiro ƙaton tsuntsun nan da mai garwar shara, aka sa su zauna a titi tare da mutane. Wato maganar yara aka bi, aka bar ta masana.

Bari in ɗan ratse. Kalmar nan Sesame ba wani abu ba ne illa riɗi, wanda manomanmu na Taraba ke fitarwa buhu-buhu, ake yi mana kantu da shi. Sun ɗauko sunan ne daga labarin Ali Baba da ɓarayi arba'in, inda ake kiran sunan riɗi ƙofar kogon dukiya ta buɗe. Da Larabawa suka yi nasu a Kuwait a 1979 sai suka mayar da abin gida, suka kira shi Iftah Ya Simsim.

Wannan na Kuwait yana cikin jerin ƙasashen da suka ƙi tsayawa a kan kallon na Amurka, suka yi nasu da harshensu da 'yan tsanansu. Barazil da Meziko sun fara a 1972, Jamus a 1973, Masar da Afirka ta Kudu a 2000, Bangaladesh a 2005. Najeriya kuwa, duk da shekarun da NTA ta yi tana nuna na Amurka, ba ta samu nata ba sai ranar Asabar 21 ga Mayu 2011, da aka fara nuna Sesame Square. Kamfanin Ileke Media na Legas ne ya shirya shi tare da Sesame Workshop ta Amurka, Yemisi Ilo ce babbar mai shiryawa, kuɗin kuwa, sama da dala miliyan 3, daga hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, suka fito. Zangon farko kashi 26 ne, kowanne rabin awa. An bar titin birni irin na New York, aka koma dandali irin na ƙauye mai bishiyar mangwaro.

Taurarin shirin biyu ne. Akwai Zobi, wani shuɗi mai gashi, direban tasi, wanda ba shi da magana sai ta doya. A na Amurka akwai takwaransa mai haukan biskit, to da aka zo Najeriya sai aka ga biskit ba abincin kowa ba ne, aka ba shi doya. Na sha faɗa cikin raha cewa da an tambaye mu, da mun ce Zobi ɗan Zing ne ko Yorro, domin duk wanda ya ga tulin doyar da Mumuye ke kawowa kasuwa ya san inda ya kamata mai son doya ya zauna.

Ta biyun ita ce Kami, kuma a kanta nake so mu daɗe. Kami yarinya ce 'yar shekara biyar, launinta ruwan zinare, mai surutu da son wasa da tambaya. An fara fito da ita ne a shirin Afirka ta Kudu, Takalani Sesame, a 2002, sunanta kuma daga wata kalma ce ta harshen Setswana mai nufin karɓa ko amincewa. Marainiya ce, kuma tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke jawo ƙanjamau. Ita ce 'yar tsana ta farko a wannan gida da aka ba irin wannan hali, har ma wasu 'yan majalisar Amurka suka yi ƙorafi a lokacin, asusun UNICEF kuwa ya naɗa ta jakadiyar yara a 2003. Ba a taɓa nuna ta a kwance tana nishi ba. Tana cin abinci da ƙawayenta, ana rungumar ta, tana shan maganinta, idan ta yanke a hannu ta san ta kira babba ya ɗaure mata. Ba a yi wa yara maganar da ta fi ƙarfin shekarunsu ba. Abin da ake so su ɗauka shi ne ba a gudun yaro don yana da ciwo.

Wanda bai san Taraba ba zai ce mene ne na kawo wannan a shirin yara. Mu mun sani. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya a ƙasar nan na ɗauke da cutar, kuma Taraba na cikin jihohi biyar na sama, ita ce kan gaba a Arewa maso Gabas. Kusan kowace unguwa a Jalingo akwai marayun da wannan ciwo ya bari. Na san gidan da aka ware wa wani yaro kwanonsa da kofinsa, aka hana 'ya'yan gida wasa da shi, ba don mugunta ba sai don tsoro da rashin sani. Wa'azi ya yi aiki a kan wannan, ma'aikatan lafiya sun yi, amma yaro ɗan shekara biyar ba ya zuwa taron wayar da kai. Abin da ya gani ana yi shi yake yi. Haka nan shirin ya taɓo kwana cikin gidan sauro, da wanke hannu, da cewa 'ya mace ma ta je makaranta, kuma ba a yi shi da sigar umarni ba, sai dai ka ga Zobi ya yi wauta Kami ta gyara masa.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, a shekarun farko Sesame Square bai shiga gidajenmu yadda ya kamata ba. Dalili na farko wuta: shiri yana da lokacinsa, wuta kuma ba ta da nata, ba kowane mai gida ne zai tayar da janareta da safe don yara su kalli 'yar tsana ba. Dalili na biyu, wanda ya fi girma, harshe. Da Turanci aka yi shi. Yaron Legas ko Fatakwal da ke jin Turanci ko Burokin a gida yana iya bi, amma yaron Sintali ko Magami ko Mayo Gwoi sai ya zama kamar ni a Jimeta: yana dariyar motsi, saƙon kuma ya wuce ta saman kansa. Wanda aka ƙirƙiri irin wannan shiri dominsa tun 1969, wato ɗan talaka da ba shi da gatan makarantar nazare mai tsada, shi ne kuma bai ji ba.

Daga baya aka mayar da shirin Hausa da sunan Dandalin Sesame, tashar AREWA24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riƙa nuna shi ta tauraron ɗan adam. A gidana na ga bambancin da idona. 'Yata ta biyu tana da shekara huɗu a lokacin. Da ana Turanci takan kalla ne tana wasa da wani abu a hannu, amma ranar da ta ji Zobi ya buɗe baki da Hausa sai ta tashi ta matsa gaban akwatin, ta juyo ta ce da uwarta, “Mama, ashe ya iya magana!” Wato duk abin da yake yi a baya, a wurinta ba magana ba ce. Daga nan ta fara ba shi amsa idan ya yi tambaya, tana ƙirga tare da shi, tana yi masa gyara idan ya yi kuskure. Wannan mayar da amsa shi ne asirin abin gaba ɗaya. Da shi kaka ke riƙe yara a tatsuniya, da shi mai dabo-dabo ke riƙe 'yan kasuwa.

Akwai masu ɗari-ɗari da abin ta fuskar addini, suna ganin 'yar tsana kamar gunki ce. Wannan fage ne na malamai, amma sananne ne a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsanan da take wasa da su da ƙawayenta, kuma malamai da dama sun kafa hujja da wannan wajen sassauta abin wasan yara. A ganina abin da ya fi cancantar sa ido shi ne me 'yar tsanar ke faɗa, kuma wa ya rubuta mata.

Ko Hausar ma, mu 'yan Taraba mun san ba ita ce ƙarshen magana ba. A Jalingo Hausa ce harshen kasuwa da na wasan yara a layi, amma a cikin gida akwai mai Fillanci, akwai mai Mumuye, akwai Jukun Kona, da Jenjo, da Wurkun, da Kuteb, da Chamba, da Tibi, da mutanen Mambilla. Tsarin ilimi na ƙasa tun na 1977 ya ce a koyar da yaro a matakin farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka faɗaɗa abin zuwa shekara shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Ko da ma can dokar a takarda ta fi yawa, domin makarantun kuɗi na unguwanninmu har tarar yaro suke ci idan ya yi yarensu. Ma'anar wannan ita ce makaranta ba za ta riƙe wa yaranmu harshensu ba. In ba gida da abin da ake kalla a gida ba, babu mai yi.

Ga kuma maganar kuɗi. Sesame Square da kuɗin waje aka yi shi, kamar yadda aka yi shirin koyon karatu na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. A 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta rushe USAID, ayyukanta da dama a duniya suka tsaya cak. Ba na cikin masu zagin wanda ya ba ka kyauta don ya daina, kuɗinsu ne. Abin da ke damuna shi ne shekarun da aka yi ana ba mu, ba mu koyi kamun kifin ba. Yanzu yaro ba ya jiran Asabar, ba ya jiran wuta. Wayar uwarsa na hannunsa, YouTube na zuba masa waƙa bayan waƙa, ba manhaja, ba wanda ya zauna ya yi tunanin yaron Jalingo, abin da ake so kawai kada ya ɗaga ido. Dabarar Palmer ce ta riƙe hankalin yaro, amma an cire darasin an bar riƙon. Jikan baiwar Allah da ta yi magana a taro ba daƙiƙi ba ne. Abin da aka ba shi ya haddace.

Abin haushin shi ne babu wani ɓangare na wannan aiki da ba mu da mai yin sa. Masana'antar Kannywood tun Turmin Danya na 1990 take fitar da finafinai, amma da wuya ka nuna shiri ɗaya tsayayye da ta yi wa 'yan ƙasa da shekara shida. Masu fassarar finafinan Indiya irin su Algaita sun nuna cewa ɗora murya da Hausa ba wani abin wahala ba ne. A nan gida muna da gidan talabijin na jiha da NTA Jalingo da gidan rediyon TSBS, muna da Jami'ar Jihar Taraba tun 2008, da Kwalejin Ilimi ta Zing mai horar da malamai, ga teloli a kowane layi, ga masassaƙan Kwagh-hir a kudancin jiha. Abin da Cooney da mutanenta suka fi mu da shi bai wuce sun zaunar da mai wasa da malami da mai bincike a tebur ɗaya ba, sannan suka bar yara su yanke hukunci.

Kafin in rubuta wannan na ce bari in gwada da kaina, kada in zama mai faɗa ba cikawa. Na samo tsohuwar safa, maiɗakina ta ɗinka mata maɓallai biyu a matsayin idanu, ta yi mata ɗan kallabi da ƙyallen atamfa. Ranar Lahadi da la'asar na tara yaran gidanmu da na maƙwabta su tara, na ɓuya a bayan kujera na lulluɓa da babbar rigata irin yadda masu dabo-dabo ke yi. Na shirya darasin ƙirga da na wanke hannu, har na rubuta a takarda. Muddin 'yar safar nan tana bayani kamar malama, ba a yi minti uku ba biyu suka tashi suka bi kaza. Da na ga haka sai na sa ta fara ƙirga ƙwallayen goruba tana kuskure, ta ce ɗaya, biyu, biyar. Nan take wuri ya kaure, kowa na ihu yana gyara mata, har waɗanda suka bi kaza suka dawo. Wata 'yar maƙwabta da ba ta cika magana ba ta matso ta kama bakin safar ta ƙirga mata da Fillanci, go'o, ɗiɗi, tati, sai sauran suka ce su ma sai an yi da nasu yaren. Mun kai kusan rabin awa, ni ne na gaji, gumi ya jiƙa ni a cikin riga.

Na kai wa Baban da ya yi magana a taro wannan labari. Ya yi dariya, sannan ya ce shi ma yanzu ya tuna, yana yaro ya taɓa ganin mai irin wannan wasa a kasuwa, wani mutum da ya zo daga wajen Barno da makaɗinsa, ana jefa masa kwabo a kan tabarma. Ya ce ya fi shekara sittin bai sake ganin irinsa ba. Mun yi da shi zan koma ranar Asabar da rikoda ya ba ni labarin tun daga farko. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da suka taɓa ganin dabo-dabo da idonsu, a Jalingo ne ko Mutum Biyu ko Lau ko Ibi, don Allah ya sanar da ni kafin zama na gaba, zan zo har gida.